Karatun takardar tseren dawaki ta PMU: abin da take faɗa da abin da ba za ta iya yi maka ba

Wani matashi daga unguwar Bukoki a nan Yamai ya aiko da tambaya. Ya ce kullum in ya bi ta bakin kiyos ɗin PMU, wato cacar tseren dawaki, yakan tarar da manya sun duƙufa a kan takardar furogaram, kowa da biro a hannu. Ya saya ya duba, bai ga komai ba sai lambobi da haruffa irin su 3a Da 1a 0a. Yana so a warware masa su, a kuma gaya masa tsakani da Allah ko wanda ya ƙware a karatun takardar nan zai iya mayar da ita sana'a.

Ƙanena, bari in fara da tambayarka ta biyu, don kada ka karanta sauran bayanin da wani buri a zuciyarka. Ba ta zama sana'a. Takardar ba ƙarya take yi ba, abin da ta faɗa a kan doki galibi haka yake, kuma wanda ya iya ta ya fi mai buga lambar motar da ya gani a mafarki sanin abin da ke gudana a fili. Amma sanin tsere daban, cin riba daban, kuma zan nuna maka inda suka rabu da lissafi. Na tashi da son doki, na daɗe ina bin tseren Faransa, takardar nan na san ta ciki da waje. Gara ka ji bayaninta daga bakin wanda ba shi da abin da zai sayar maka.

Dawakin da ake buga tike a kansu ba a filin sukuwa na Yamai suke gudu ba. LONANI, hukumar caca ta ƙasar Nijar, ce ke karɓar kuɗin a nan, dawakin kuwa suna Faransa, a filaye irin su Vincennes, Longchamp, Auteuil, Chantilly, Deauville, Enghien da Cagnes-sur-Mer. Tsarin ma nasu ne. An kafa PMU a 1930, André Carrus ya ƙirƙiro tiyarse a 1954, karte ta zo a 1976, kinte kuma a 1989. Tiyarse ita ce ka faɗi dawaki uku na farko, karte huɗu, kinte biyar, ko dai a jere yadda suka shigo ko a hargitse. Ka kuma lura da agogo: lokacin sanyi ƙarfe ɗaya muke da Faris, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda.

Yawancin mutane idonsu kan faɗa kai tsaye kan jerin dawaki. Wanda ya san abin, saman takarda yake fara karantawa, ƴan layukan nan masu ƙananan haruffa da ake tsallakewa. A nan aka rubuta fili, da irin tseren, da nisa, da kuɗin gasar, da sharuɗɗan shiga. Tsere iri uku ne. Akwai plat, sukuwa ke nan a shimfiɗaɗɗen fili. Akwai obstacle, sukuwa da tsallake shinge, wadda ta rabu zuwa haies mai ƙananan shingaye da steeple mai manya da ramukan ruwa. Sai trot, inda doki ba shi da izinin sukuwa ko kaɗan, da sassarfa zai yi tafiyar tun daga farko har ƙarshe. In yana jan ɗan keke mai ƙafa biyu da direba a zaune, sunansa attelé. In mahayi na bisa bayansa, monté ne. Kowane iri da abin da ake dubawa, kuma wanda ya karanta tseren sassarfa da idon sukuwa ya ɓata tun daga ƙofa.

To mu zo ga lambobin da suka ɗaure maka kai, waɗanda ƴan kiyos ke kira mizik. Tarihin doki ne a dunƙule. Kowace lamba matsayin da ya zo a wani tsere ce, harafin da ke manne da ita kuma irin tseren: a na attelé, m na monté, p na plat, h na haies, s na steeple, c na cross, wanda shi ma wani nau'in tsallake ne. Daga hagu ake karantawa, na hagu shi ne na baya-bayan nan. Sifili na nufin bai shiga tara na farko ba. Babban D na nufin alƙalai sun fitar da shi, galibi don ya karya sassarfa ya shiga sukuwa. A na nufin mahayi ya tsayar da shi bai gama ba, T kuma ya faɗi. Lamba biyu a cikin baka shekara ce, duk abin da ke damanta a waccan shekarar aka yi shi. Mu ɗauki misali, doki mai lamba 7 an rubuta masa 2a 4a Da 1a (24) 6a 0a. Tserensa na ƙarshe ya zo na biyu, kafin nan na huɗu, kafin nan an fitar da shi, kafin nan ya ci, sauran biyun kuma a 2024 ya yi su. Kusa da sunan za ka ga H7 ko F5 ko M6: H dandaƙaƙƙen doki, F goɗiya, M ingarma, lambar kuma shekarunsa. A dawakin sassarfa haifaffun Faransa ma sunan kansa yana faɗar shekara, domin duk ƴan shekara ɗaya harafi ɗaya ke fara sunansu: I na 2018, J na 2019, K na 2020.

Wannan ɓangaren a yini ɗaya ake koyonsa, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa suna ganin sun gama. Sai ka ga mutum ya bi jerin da jan biro, ya kewaye duk mai 1 da 2 da yawa, ya soke duk mai sifili. Mizik tana gaya maka doki ya zo na nawa, amma ba ta gaya maka da su wa ya kara. Ɗan kokawar da ya kai zagayen kusa da ƙarshe a gasar Takobi ya faɗi a hannun Issaka Issaka, da wanda ya yi ta kayar da samarin ƙauyensu bayan girbi, in ka rubuta sakamakonsu kawai na biyun ne zai fi kyan gani, amma kowa ya san wanda zai kai wani ƙasa in sun haɗu. Haka 6a a babban tseren Vincennes ta fi 1a uku a ƙaramin filin karkara. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kuɗin gasar: doki da ya saba gudu a tseren Yuro dubu 80 ya sauko na dubu 45, sauƙi ya samu, ko da mizik ɗinsa ba ta da kyau. Wanda ya haura daga na dubu 20 kuwa, yau ne zai san ko wane ne shi.

Alamar Da ita ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai dokin da yake gaba, saura mita ɗari a gama, ya yi tuntuɓe ya shiga sukuwa aka fitar da shi. Wannan yana cikin ƙarfinsa. Akwai wanda tun a tashi yake birkicewa, kuma in ka duba za ka ga Da uku cikin tsere shida. Wannan hali ne, kuma doki ba ya barin halinsa don ka zuba kuɗi a kansa. Ɗan sharhin da ake rubutawa ƙarƙashin kowane doki, ko bidiyon tseren da ya wuce in kana da intanet, su ne za su raba maka biyun.

A tseren sassarfa, abin da na fi ba muhimmanci shi ne sharuɗɗan shiga, kuma ina so ka tsaya a nan ka fahimta da kyau. Ana rarraba dawaki ne bisa jimillar kuɗin da kowanne ya taɓa ci a rayuwarsa, abin da takarda ke kira gains. A ce sharaɗin ya ce tseren na dawakin da ba su kai Yuro 250,000 ba ne, kuma duk wanda ya kai 140,000 zai tashi da mita 25 a baya. Nan take ka sami dawaki kashi biyu da za ka duba. Wanda ke da 139,000 zai tashi a sahun gaba alhali ƙarfinsa kusan ɗaya da na ƴan baya. Wanda ke da 141,000 kuwa ya haye iyaka da ƙyar, an tura shi baya tare da masu 240,000 da suka fi shi nesa. Masu horarwa suna zaune da kalandar tsere suna neman irin wannan gurbi, wani lokaci su yi makonni suna jiran tseren da dokinsu zai shiga daidai bakin iyaka. In sharhi ya ce doki bien engagé ne, abin da ake nufi ke nan. Mita 25 kuma ba wasa ba ce. Dokin da ke cin kilomita a minti 1 da daƙiƙa 13 yana shafe kusan mita 14 a daƙiƙa, wato an ci shi bashin kusan daƙiƙa biyu tun ba a tashi ba, ga shi sai ya kewaye garken da ke gabansa ta waje a kwana.

Sai maganar takalmi. Doki yana gudu da takalmin ƙarfe a kofato, in aka cire masa yakan ƙara sauri da daidaito. D4 na nufin an cire duka huɗu, DA na ƙafafun gaba, DP na baya. Ba a yin haka kullum don kofato yana cinyewa, saboda haka mai horarwa yakan ajiye shi sai ranar da yake nufin ci. Wannan ne ke bayyana wani abu da ke ruɗa sababbi: doki ya jera 0a 8a 7a da takalmansa, ana ta gina masa ƙarfi, yau kuma a ga D4 a gabansa, an ɗauko masa babban direba irin Éric Raffin ko Franck Nivard ko Jean-Michel Bazire. Takardar ta gaya maka niyyar mai doki a fili. Akasin haka ma yana faruwa, doki mai 1a 2a da aka cire wa takalmi a baya, yau an mayar masa, mai horarwa da kansa ya hau keken, ka san wani tseren ake hari a gaba. Hukumar sassarfa ta Faransa ma tana sa masu horarwa su bayyana ra'ayinsu da alamar kore ko rawaya ko ja, kuma wasu takardun suna kwafo ta.

Tashi iri biyu ne. A autostart dawaki suna bin mota mai fukafukai, ta ƙara wuta ta bar su. A mita 2,100 na Vincennes tara ne a sahun gaba, daga lamba 10 zuwa sama suna sahu na biyu, kuma a gajeren nisa irin wannan sahu na biyu nakasu ne. A ɗaya tashin, dawaki suna shigowa su juya su miƙe, masu zafin kai kuma a nan suke karyewa. Lambar da ake rubutawa kamar 1'12"5 matsakaicin lokacin da doki ya ci kilomita ne, amma kada ka gwada lokacin mita 2,100 bayan mota da na mita 2,850, kada kuma ka gwada na shimfiɗaɗɗen fili da na babban da'irar Vincennes, wadda ke da gangara da hawa. Hawan nan shi ke tona asirin dokin da ba shi da numfashi.

A sukuwar plat labarin ya koma kan nauyi. Yawancin tseren da ake zaɓa don kinte handikaf ne. Akwai ma'aikacin da aikinsa shi ne ya ba kowane doki daraja da kilo, valeur ke nan, sannan a ɗora wa mai ƙarfi nauyi a rage wa mai rauni. Za ka ga na sama yana ɗauke da kilo 60, na ƙasa 52 ko 53. Abin da masana suka saba ƙiyastawa shi ne kilo guda yana cin kusan tsawon doki ɗaya a matsakaicin nisa. Doki in ya ci, darajarsa takan hau, saboda haka 1p ta jiya ita ce nauyin yau. Wanda ya yi ta zuwa na bakwai da na takwas kuwa ana rage masa kaɗan-kaɗan, har ya dawo darajar da ya taɓa ci da ita, kuma irinsa ne masu ido ke nema. Ka riƙe manufar handikaf a ranka: so ake dawakin duka su iso layi kusan tare. An tsara tseren ne musamman don ya yi wuyar hasashe, an kuma zaɓe shi don caca saboda wuyar tasa, da dawaki 14 zuwa 18 a mafi yawan ranaku.

Corde lambar akwatin da doki zai tashi daga ciki ce, kuma daban take da lambar da ke jikinsa, wannan yana ruɗa mutane sosai. Ƙaramar lamba tana kusa da shingen ciki. A tsere mai kwana kusa da wurin tashi, mai akwati na 16 sai ya ƙona ƙarfi kafin ya sami wuri, ko ya haƙura ya koma baya. Ƙasa ma tana da nata hukunci. Ana auna laushinta da wani ƙarfe da ake saki ya nutse, a rubuta lamba: wajen 3 ƙasa ce mai kyau, in ta wuce 4 ta zama mai danƙo, kofato na nutsewa. Kalmomin da za ka gani su ne bon, souple, collant, lourd. Akwai dokin da sai an yi ruwa yake zama doki, akwai wanda da ya ji laka ya gama. PSF kuma filin yashi ne da aka cakuɗa da zare, irin na Deauville da Chantilly da Cagnes-sur-Mer, wanda ruwa bai cika canza shi ba, kuma yana da nasa gwanaye. Tunda furogaram ana buga ta ne tun kafin ranar tsere, ruwan da aka kwana ana yi a Faris ba ya cikinta.

Tsallake ba zan daɗe a kansa ba. Ka duba yawan T da A a mizik, ka duba ko doki ya san Auteuil, don shingayenta sun fi na sauran filaye tsanani. Dokin da ya fi kowa ma yana iya faɗuwa a shingen ƙarshe.

Yanzu kot, wato lambar da ke nuna yadda ake ganin damar doki. 4/1 na nufin ana ƙiyasta zai ci kamar sau ɗaya cikin biyar, 30/1 kuma ba a sa masa rai. Wadda ke cikin takarda hasashe ce da aka yi tun jiya, ta gaskiya tana motsi har lokacin tashi bisa kuɗin da ake zubawa. A ƙasan shafi kuma akwai jerin furonostik, wato hasashen dawakin da za su zo, na jaridun Faransa irin su Paris-Turf, kowace da dawakinta takwas. In ka jera su za ka ga dawaki huɗu ko biyar suna maimaituwa kusan a ko'ina, don duk bayanai ɗaya suke karantawa. Dokin da aka fi zaɓa yana cin kusan tsere ɗaya ne cikin uku in an haɗa tsere duka, a manyan handikaf kuma bai kai haka ba. Ourasi, dokin da ya ci Prix d'Amérique, babban tseren sassarfa na Vincennes, sau huɗu, a 1986, 1987, 1988 da 1990, ya zo na uku a 1989 lokacin da kusan kowa ya gama ba shi kofin. Bold Eagle ya ci a 2016 da 2017, a 2018 Readly Express na Suwidin ya sha gabansa. Waɗannan dawaki ne da duniya ta san komai nasu, ba ƴan handikaf na ranar Talata ba.

Ga lissafin da na yi maka alkawari. Tsere mai dawaki 16 yana da hanyoyi 560 da dawaki uku za su iya zama na farko a hargitse, 3,360 in a jere ake so. Karte tana da 1,820 a hargitse, 43,680 a jere. Kinte tana da 4,368 a hargitse, 524,160 a jere. In dawakin 18 ne, kinte a jere ta haura miliyan ɗaya. Mai karatun takarda yakan rage wannan ta hanyar soke waɗanda ba su da dama, kuma a gaskiya nan ne amfanin takardar yake: ta fi iya nuna maka wanda ba zai zo ba a kan wanda zai zo. To a ce ka soke tara, saura bakwai, kana so ka haɗa su duka a karte. Haɗi 35 ke nan. In mun ɗauka kowane haɗi dala arba'in ne, ka zuba jika bakwai a tsere ɗaya, kuma doki guda daga cikin taran da ka soke ya ishe shi ya rusa komai in ya kutso na huɗu.

Ko ka ci ma, ga inda gizo ke saƙa. A wannan tsari ba da kamfani kake karawa ba, da sauran masu buga tike kake yi. Ana tara kuɗin kowa wuri ɗaya, a cire kason hukuma da haraji da ladan masu sayarwa tun kafin dawaki su tashi, abin da ya rage shi ake raba wa waɗanda suka dace. A Faransa kanta abin da ake cirewa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Mu yi misali da lambobi masu sauƙi: an tara sefa miliyan 10, an cire miliyan 3, saura 7. In dawakin da kowa ya gani a takarda ne suka zo, tike 7,000 suka ci, kowa jika guda zai karɓa, kai kuma jika bakwai ka zuba. In tike 70 ne kawai suka ci, kowa ya sami jika ɗari, amma hakan na faruwa ne ranar da dokin da takarda ta ce ba zai zo ba ya zo, wato ranar da karatunka ya sa ka soke shi. Duk abin da na koya maka a sama, D4 da bakin iyaka da saukar daraja, dattijon da ke zaune a benci kusa da kai a Wadata ya san shi, dubbai a Faransa da ke da bidiyo da kwamfuta sun fi ku sani. Ilimin da kowa ke da shi an riga an saka shi cikin kot. Jimillar masu buga tike kuwa kullum abin da suke karɓa bai kai abin da suka zuba ba, don haka aka gina tsarin.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu sayar da lambobi a WhatsApp da Facebook, masu cewa suna da mutum a cikin barga a Faransa, a turo jika biyu su ba da kinte tabbatacciya. Wanda ke da tabbacin kinte a jere ba zai sayar da ita jika biyu ba, kuma duk wanda ya ƙara sayar wa yana rage masa nasa rabon ne. Dabararsu tsohuwa ce: a raba wa mutane lambobi daban-daban, wanda tasa ta dace a ɗauki hoton tikensa a yi talla da shi, sauran a yi shiru. Masu zuwa wurin boka ko mai duba a buga musu ƙasa a kan dokin da ke Vincennes, su kuma sun haɗa asara biyu.

Ba zan rufe maka maganar addini ba, don na san gidan da irinmu suka fito. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ambaci caca tare da giya ta ce a nisance su, aya ta 91 ta faɗi abin da suke haifarwa na gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Tseren doki kansa halal ne, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, kuma malamai sun yi bayanin kyautar da ake ba mahayin da ya ci. Kuɗin da ƴan kallo ke zubawa a kan wanda zai zo na farko kuwa caca ce, kasancewar hukuma ce ke gudanar da ita bai canza hukuncinta ba. Abin da idona ya gani a bakin kiyos ya ishe ni shaida. Akwai magidancin da nake gani da tsohuwar furogaram a ninke cikin aljihun gaba, gefenta ya yi baƙi da gumi, bayanta cike da lambobi da jan biro da shuɗi. Ya san kakan kowane doki, ya san direban da ke son bin shinge da mai son fita waje. Da azahar in sakamako ya fito sai ya sa yatsa a kan lamba ɗaya ya ce wannan kaɗai ta hana shi, ya juya ya nemi aron dala ɗari na kabu-kabu. Kalmar nan ta saura ɗaya ita ke mayar da mutum gobe. Samun uku cikin huɗu abu ne da ke faruwa a kai a kai ga duk mai bin dawakin da aka fi zaɓa, ba alama ce ta an kusa ba. Daga nan sai a shiga neman ramuwa, a ninka kuɗi don a maido na jiya, a taɓa kuɗin cefane, a taɓa jarin shago. In ka ga mutum ya fara ɓoye tike kada matarsa ta gani, ko yana cin bashi don ya buga, ya wuce maganar nishaɗi, yana bukatar wani babba da yake jin nauyinsa ya zaunar da shi.

In son dokin ne ya ja ka, ko kuma kana so ka gwada maganata da kanka, ga abin da za ka yi ba tare da ka fitar da ko dala ba. Ka sami kaye na ƴan lakwal. Kowace safiya ka karanta saman takarda tukuna, ka soke waɗanda kake ganin ba za su zo ba, ka rubuta dalilin kowanne a gefe, sannan ka rubuta tiken da da za ka buga da kuɗin da zai ci. Ka rubuta kafin tsere, da biro, don zuciya tana da saurin cewa ai dama na san shi zai zo. Ka duba ko akwai dokin da aka janye, wanda ake sa wa NP. Da yamma ka rubuta sakamako da ainihin abin da aka biya a nan Nijar a kan irin tikenka, ba na Faransa da za ka gani a intanet ba. Shafi ɗaya na abin da ya fita, ɗaya na abin da ya shigo, kuma kada ka tsallake ranar da ba ta yi maka daɗi ba. Ka yi wata biyu cur kafin ka haɗa jimilla, don mako ɗaya mai sa'a yana iya ruɗin mutum. Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne zangon sanyi na Vincennes, daga Nuwamba zuwa farkon Maris, saboda dawaki ɗaya ne ke ta dawowa bayan mako biyu ko uku a fili ɗaya, za ka riƙa gane su da suna, ka ga yadda cire takalmi da mita 25 suke aiki a kan dokin da ka riga ka sani.